Shari'ar Dattawa Biyar: Yadda Aka Tambayi Sarki Dalilin Ɗauri

A shekarar 1626 Sarki Charles na Ɗaya na Ingila ya rushe majalisar dokoki ba tare da ta amince masa da kuɗin yaƙi ba. Da baitulmali ya bushe, sai ya ɗora wa masu hali rancen dole. Fiye da mutum 70 daga cikin manyan ƙasar suka ƙi biya, aka kulle su ba tare da an tuhume su da wani laifi ba.

A watan Nuwamba na 1627, biyar daga cikinsu, wato Thomas Darnell da John Corbet da Walter Erle da John Heveningham da Edmund Hampden, suka garzaya babbar kotun sarki. Abin da suka nema shi ne takardar umarnin da lauyoyi ke kira habeas corpus, wadda ke tilasta wa mai tsare mutum ya kawo shi gaban alƙali, ya kuma faɗi dalilin tsarewar. Amsar da ta fito daga gidan yari gajera ce: an tsare su ne bisa umarnin musamman na sarki.

A nan ne lauyoyinsu suka tashi tsaye, cikinsu har da masanin nan John Selden, wanda ya kare Hampden. Hujjarsu ita ce yarjejeniyar Magna Kata ta 1215, wadda ta hana ɗaure ɗa mai 'yanci sai bisa dokar ƙasa. Suka ce umarni ba laifi ba ne. Muddin ba a ambaci laifi ba, babu ranar shari'a, kuma mutum na iya ƙare rayuwarsa a kurkuku. Babban lauyan gwamnati, Robert Heath, ya mayar da martani cewa akwai sirrin mulki da ba a bayyanawa. Alƙalai ƙarƙashin Nicholas Hyde suka hana beli, aka mayar da su gidan kaso.

Sai dai, kamar yadda masu iya magana ke cewa, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. A farkon 1628 sarki ya saki waɗanda aka tsare, majalisa kuma ta rubuta Takardar Neman Haƙƙi, wadda ta haramta ɗauri ba tare da bayyana dalili ba. A watan Yuni sarki ya amince da ita ba da son ransa ba. Selden bai tsira ba, domin a 1629 shi ma an kulle shi a Hasumiyar Landan. Sai a 1679 aka kafa dokar da ta sa wa'adin kawo fursuna kotu, da tara ga jami'in da ya ƙi.

Mu ma mun ci gadon wannan gwagwarmaya ta hanyar tsarin shari'ar Ingila. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya wajabta a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24. Darasin da muka ɗauka shi ne, waɗannan lauyoyi sun faɗi a kotu, amma tambayarsu ta ɗore. Duk ranar da aka tsare ɗan'uwanmu, kada tsoro ya hana mu maimaita ta cikin ladabi: mene ne laifinsa, kuma yaushe za a kai shi gaban alƙali?