Kakan da Babu Sunansa a Littafin Ƙirga: Bibiyar Asali a Nijar ta Zamanin Faransa

Mai neman asalin kakansa a Damagaram, Maraɗi ko Adar yakan ci karo da matsala guda. Tsofaffin gida sun san mutumin, sun san gonarsa da rijiyar da ya haƙa, amma takardun hukuma ba su san da zamansa ba. Daga nan wani ya zargi labarin gida, wani ya fid da rai. Duka biyun gaggawa ce. Kafin a tambayi littafi dalilin rashin wane a cikinsa, sai a san dalilin da ya sa aka rubuta littafin.

Nijar ba ta yi ƙidayar jama'a ta ƙasa baki ɗaya ba sai a 1977, shekara 17 bayan samun ƴancin kai. Abin da aka sani zamanin Faransa shi ne ƙirgar mulki. Kumandan ko wakilinsa ya fito rangadi, a tara gari, ga mai gari, ga tafinta, a kira kowane mai gida ya faɗi yawan iyalinsa da dabbobinsa. Da wannan lissafi ake yanka lanho, wato harajin kai, da shi kuma ake ƙayyade yawan mazan da gari zai bayar don aikin tilas da aikin soja. Shiga littafi na nufin ɗaukar kaya. Saboda haka mai gida yakan ɓoye saurayin ɗansa a daji ranar ƙirga, ko ya rage masa shekaru. Ba a soke aikin tilas ba sai a 1946, kuma kafin lokacin rashin suna a takarda kariya ne.

Dalili na biyu shi ne tafiya. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta raba dangi gida biyu, amma ba ta hana ƙafa takawa ba. Idan lanho ya yi nauyi, gidaje sukan kwashe cikin dare su faɗa ƙasar Katsina, Daura ko Sakkwato. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta watsa garuruwa da dama. Ga ƴan cirani, ga almajirai, ga fataken goro masu zuwa Gwanja, ga maniyyatan da suka nufi Makka a ƙafa ta Cadi, da yawansu suka yada zango a Sudan ba su komo ba. A ɓangaren Ingila ma, alƙaluman 1921 da 1931 na Arewacin Nijeriya galibi daga lissafin haraji aka tsamo su, jimilla ce ba jerin sunaye ba. Mutum na iya rayuwa tsakanin daulolin biyu ba tare da ko ɗaya ta rubuta shi ba.

Na uku shi ne sunan kansa. Magatakarda ya rubuta abin da kunnensa ya ji da ƙa'idar Faransanci: Yusufu ya koma Issoufou, Usman ya koma Ousmane, Muhammadu ya rabu zuwa Mahamadou, Mahamane da Mamane. Bahaushe kuma ba shi da sunan dangi tsayayye, sunan uba yake jinginawa, sai jerin ya sauya a kowane tsatso. Ga alkunya da laƙabi: wanda gida ya sani da Ɗanjuma ko Tanko, mai yiwuwa da sunan yanka aka rubuta shi. Mata kuwa sau da yawa adadi ne kawai a ƙarƙashin sunan miji. Bayin da suka bar gidajen iyayengijinsu bayan dokar 1905 da ta haramta cinikin mutane, wasunsu sun sake gari, sun sake suna da gangan.

Hanyar bincike ta fito daga waɗannan dalilai. A fara da tsofaffi, musamman mata, a rubuta duk sunan da aka taɓa kiran mutumin da shi, da sunayen ƴan'uwansa, da sana'arsa, da tsagar fuskarsa. A ɗaure shekaru da aukuwa: zamanin wane sarki, kafin wace yunwa. Sannan a nemi garin, domin rahotannin rangadi sukan ambaci ƙauyen da ya watse da inda mutanensa suka nufa. Irin waɗannan takardu suna ɗakin adana tarihi na ƙasa a Yamai, da Dakar, hedikwatar Afirka ta Yamma ta Faransa a da, da kuma Kaduna idan sawun ya tsallaka iyaka. Kada a raina bayan tsohon Alƙur'anin gida, inda malamai kan rubuta haihuwa da mutuwa, ko takardar rabon gado ta alƙali, ko bakin maroƙin da ya haddace tsatson gidan.

Idan aka gama duk wannan sunan bai fito ba, binciken bai faɗi ba. Shekarar da gari ya ragu a lissafin kumandan, idan ta dace da shekarar da tsofaffi suka ce kaka ya yi kudu, to an sami shaida biyu a kan tafiya guda.