TARIHIN YAƘI DA KUTURTA A ƘASARMU: ADADI YA RAGU, AMMA HAR YANZU ANA MAKARA

'Yan uwa, matasanmu da yawa a nan Assakio sun ɗauka kuturta ta zama labarin kaka da kakanni. Tarihi ya nuna an ci ƙarfinta ƙwarai, sai dai da sauran rina a kaba.

A zamanin da, ba a sanin mutum yana da kuturta sai ta ci yatsu ko ta taɓa fuska. Wasu su ce gado ce, wasu su ce sammu, wasu su ɗora laifin a kan cin kifi da nono. Alhali tun 1873 wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano cewa ƙwayar cuta ce ke kawo ta. Da yake babu magani mai ci, abin da aka iya shi ne ware masu ita. A manyan garuruwan Hausa har unguwarsu suke da ita, da Sarkin Kutare mai kula da al'amuransu.

Zamanin Turawa, 'yan mishan da hukumomin En'e suka kafa sansanonin jinya: Garkida a Adamawa, Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. A ɓangarenmu akwai Alushi kusa da Akwanga, da Mkar a ƙasar Tibi. Wanda aka kai can yakan shekara da shekaru, wani ma ba ya sake komawa gida. Saboda tsoron haka mutane suka riƙa ɓoye ciwon.

Sauyi na farko ya zo a ƙarshen shekarun 1940, lokacin da aka gwada ƙwayar dapsone a Uzuakoli ta ƙasar Ibo, aka ga tana aiki. A shekarun 1950 aka baza wuraren karɓar magani a ƙauyukan Arewa. Da jama'a suka ga za a iya shan magani ana zaune a gida, sai suka fito da yawa. Adadi ya hau a takarda, domin masu ɓuya sun bayyana.

Sauyi na biyu ya zo a farkon shekarun 1980, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo tsarin haɗa magunguna, saboda ƙwayar cutar ta fara jure wa dapsone. Maganin da ake sha shekaru barkatai ya dawo na wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. Najeriya ta kafa shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta a 1989, lokacin da masu cutar a rajista sun kai kusan 200,000. A 1998, shekara biyu bayan ƙirƙiro Jihar Nasarawa, aka sauko ƙasa da mutum ɗaya cikin kowane 10,000.

Nan ne aka saki jiki. Jin an cimma buri ya sa bincike gida-gida ya yi sanyi, tsofaffin ma'aikatan da suka san cutar da ido suka yi ta ritaya. Amma daga 2021 zuwa 2023, kowace shekara ana samun sababbin masu cutar kimanin 2,400 a ƙasar nan. Kusan ɗaya cikin goma, wani lokaci fiye, ba ya zuwa asibiti sai nakasa ta riga ta bayyana a hannu, ƙafa ko ido. Akwai kuma yara a cikinsu, wanda ke nuna cutar tana ci gaba da yaɗuwa a cikin gidaje. Raguwar adadi kaɗai ba ta isa shaida ba, domin wanda ba a nema ba, ba za a ƙidaya shi ba.

Ga yadda nakasar ke zuwa. Cutar takan yi shekara biyar ko fiye kafin ta nuna. Tana farawa da tabo mai haske a fata, ba ƙaiƙayi, ba zafi, in an taɓa ba a ji sosai. Daga nan ta kama jijiyoyi. Manomi ya taka ƙaya a gonar doya bai ji ba, uwargida ta ɗauki tukunya mai zafi ba ta sani ba, miki ya samu, ya ruɓe, a hankali yatsu su lalace. Magani yana kashe ƙwayar cutar, amma ba ya dawo da yatsan da ya tafi.

Don haka, duk wanda ya ga irin wannan tabo a jikinsa ko jikin yaronsa, kada ya tsaya shafa man ƙyasbi wata da watanni. Ya je asibitin gwamnati mafi kusa, ko Lafiya, ya nemi jami'in tarin fuka da kuturta. In an tabbatar, a duba sauran mutanen gidan. Wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa cutar, babu dalilin raba masa kwano ko hana shi shiga mutane. Tsangwama ce ta sa kakanninmu ɓuya har suka nakasa, kada mu maimaita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. A tura wa 'yan uwa su ma su karanta.