Jarumin Baka da Jarumin Takarda: Yadda Masu Karatu Su Ke Karɓar Sabon Zubi

Tun zamanin da, Hausawa ba su ɗauki sāke zubin labarin jarumi abin faɗa ba. A ƙauyukan Kura da Bunkure, kamar sauran ƙasar Kano, in an kawar da amfanin gona, dare ya yi, sai tsofaffi mata su tara yara a yi tatsuniya. Gizon wannan gida ba daidai ya ke da na wancan ba. Wata tsohuwa ta ƙara, wata ta rage. Yara ba su damu ba, muddin Gizo na nan da wayonsa da tsamin bakinsa, Ƙoƙi kuwa tana matarsa. Abin da ba a rubuta ba, ba shi da asalin da za a ɗauko a gwada.

Abu biyu suka sāke wannan hali a yankin. Na farko, cikin 1974, zamanin mulkin Audu Bako, aka gama dam ɗin Tiga, aka jawo ruwa ta manyan hanyoyi zuwa gonakin Kura da Bunkure. Rani, wanda da lokacin hira ne da cin rani, ya zama lokacin alkama da tumatir. Na biyu, cikin 1976 Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta, yara suka cika makarantu. Nan suka tarad da jarumi iri dabam, watau wanda ya ke kwance cikin littafi, kalmominsa ba su motsi.

Cikin jaruman littafi babu kamar Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda Malam Ahmadu Ingawa ya rubuta, aka buga a Zariya cikin 1951. Abin lura, shi kansa Iliya sabon zubi ne. Asalinsa Ilya Muromets, barden tsofaffin waƙoƙin Rasha, wanda ya yi shekaru da yawa a kwance ba ya iya tafiya, har waɗansu baƙi suka zo ya sami lafiya da ƙarfi, ya tafi ya bauta wa Vladimir sarkin Kiev. Malam Ahmadu ya mai da Vladimir Waldima, Kiev ta zama Kib, ƙaton nan Svyatogor ya zama Wargaji, dokin jarumi kuwa ya sami suna Kwalele. Ƙarshen labari bai sāke ba, jarumi ya zama dutse.

To, wannan canji ba ƙarami ba ne, gama an raba mutum da ƙasarsa da harshensa da addininsa. Duk da haka masu karatu suka karɓe shi hannu biyu, da yawa ma ba su san baƙo ba ne. Dalili kuwa a fili ya ke: ba su taɓa riƙe Ilya na farko ba, balle su ce an ɓata musu shi. Wurinsu Iliya na Zariya shi ne asali.

In an duba Amurka sai a ga ɗaya gefen al'amarin. Can akwai littattafan zane masu fitowa wata wata, jaruminsu mafi suna kuwa Superman, wanda Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da shi cikin 1938. Kamfanin DC Comics ya sāke zubin labarinsa cikin 1986. Cikin 2011 kuma ya rushe jerin littattafansa, ya fara 52 sababbi daga lamba ta 1. Aka warware auren Superman da Lois Lane, wanda aka ɗaura cikin 1996, aka kuma cire jan wandon da aka san shi da shi. Da fari ciniki ya hau, amma tsofaffin masu karatu suka yi ta ƙorafi, suna cewa wannan ba mutumin da suka girma da shi ba ne. Cikin 2016 kamfanin ya komo da mai auren, cikin 2018 kuma, a lamba ta 1000 ta Action Comics, jan wandon ya dawo.

Bambancin Kib da Amurka ba na halin mutane ba ne. Mai karatu na Amurka yana da tsohon littafi a akwati, yana iya buɗewa ya nuna inda aka kauce. Da ma an ce magana zarar bunu ce. To, wadda aka buga ta fi ta baka wuyar mayarwa.

Saboda haka duk wanda ya yi niyyar sāke zubin Iliya, ko cikin zane ko cikin fim, sai ya san 'yancin da Malam Ahmadu ya samu cikin 1951 ya wuce. Manoman shinkafa na Kura da Bunkure waɗanda suka karanta littafin suna yara, yanzu su ne masu akwatin. Za su yarda a sāke wa Iliya riga, amma in aka raba shi da Kwalele, ko aka hana shi zama dutse, sai sun tambayi dalili.