2.3 Gidajen Tsofaffi a Hannun Ƙananan Hukumomin Ingila, 1948-1962

Kamar yadda aka yi bayani a baya, dokar matalauta ta shekarar 1834 ita ce ta ƙarfafa tsarin tara marasa galihu a gidajen gajiyayyu, inda ake ba su abinci da makwanci, su kuma su biya da aikin ƙarfi. A shekarar 1948 majalisar dokoki ta soke wannan tsari, ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin samar wa tsofaffi masauki. Burin ministan lafiya na lokacin, Aneurin Bevan, shi ne a samar da ƙananan gidaje inda tsoho zai zauna da mutuncinsa, yana biyan kuɗin zama daga fanshonsa.

Sai dai bayan yaƙin duniya na biyu, kuɗin gini ya fi tafiya ga gidajen iyalai da makarantu. Saboda haka hukumomi da dama suka ci gaba da amfani da gine-ginen da suka gada, suna kawai suka sauya musu. Masanin zamantakewa Peter Townsend ya binciki gidaje 173 a Ingila da Wales, ya wallafa sakamakon a littafinsa The Last Refuge a shekarar 1962. A gidajen gajiyayyu na dā ya tarar da gadajen ƙarfe jere a ɗaki guda, babu wurin sirri, ga ƙarancin ma'aikata masu horo. Ya ba da shawarar a rufe su.

Daga wannan za a fahimci cewa shekara 14 bayan kafa dokar, dubban tsofaffi ba su ga canjin da aka yi musu alkawari ba, domin ba a haɗa dokar da isasshen kuɗin gini da gyara ba.