En'e da Duba-Gari a Birnin Kano

Mai karatu, duk sanda na ga kwata ta toshe a lungun birni, sai zamanin En'e ya faɗo min a rai. Ba wai ina yabon mulkin Turawa ba ne, a'a, amma dai a ba kowa haƙƙinsa.

A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, da kuɗin baitulmalin En'e aka jawo ruwan famfo daga Challawa, aka kawo lantarki, a farkon shekarun 1930. Asibitin birni ma nata ne, wanda daga baya aka sa wa sunan Murtala. Kuɗin daga ina? Haraji da jangali, gumin talaka. Shi ya sa nake cewa ba kyauta aka yi mana ba.

Amma wanda mutane suka fi tunawa shi ne duba-gari. Ya leƙa masai, ya duba kwata, ya buɗe randa. In ya ga tsutsar sauro, to maigida sai gaban alƙali, sai tara. Da an ji ya shigo unguwa, kai, ka ga shara da wanke-wanke! Tsoro ne ba so ba, kuma wasunsu na karɓar na goro su kau da kai.

A 1976 aka kawo tsarin ƙananan hukumomi. Da Abubakar Rimi ya hau gwamna a 1979, ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna. Ni ma ina ganin daidai ya yi. Sai dai kuɗin aiki ya koma jiran kaso daga sama, randa kuwa babu mai buɗe ta.