Motar kara

Motar kara wani abin wasa ne da yara ke ƙerawa da hannunsu daga busasshen karan dawa ko na gero, su yi mata siffar mota, su sa mata tayoyi masu juyawa. Ana yin ta a ko'ina a ƙasar Hausa, amma ta fi yawa a wuraren da ake noman dawa sosai, kamar yankin Funtua da Malumfashi da garuruwan Bakori, Ɗanja da Ƙafur a kudancin Jihar Katsina. Yawanci yara maza ne ke yin ta, tun daga 'yan firamare har zuwa masu tasowa, kuma ƙane kan koya ne ta zama kusa da wansa yana miƙo masa kayan aiki.

Lokaci da wuri

Wasan kaka ne. Bayan an girbe dawa a watannin Nuwamba da Disamba kara yakan bushe, hunturu kuma ya ƙara busar da shi. Ɗanyen kara ba ya yi, domin idan ya bushe yakan motse, duk mahaɗan motar su saki. Sau da yawa sai yaro ya roƙa ko ya tsinto, tunda manya na bukatar kara don shinge da rufi da girki da abincin dabbobi.

Irin motar da yaro ke kwaikwayo ita ce wadda yake gani kullum. Funtua mahaɗar hanyoyi ce zuwa Zariya, Gusau da Sakkwato, da kuma Katsina ta Malumfashi, kuma tsohon garin cinikin auduga ne da layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa. Shi ya sa ake yawan ganin manyan motocin dakon hatsi masu bodin katako, da tirela, da tifa, da a-kori-kura a hannun yaran yankin.

Yadda ake ƙera ta

Kara kashi biyu ne: ɓawo mai tauri da santsi a waje, da totuwa mai taushi a ciki. Duk dabarar tana kan wannan bambanci. Yaro zai feƙe ɓawon da reza ko ƙaramar wuƙa, ya tsaga shi sili-sili, ya yayyanka totuwar gunduwa-gunduwa daidai tsawon da yake so. Totuwar ce katako, tsinken ɓawon kuma shi ne ƙusa: ana soka shi ta cikin gunduwa biyu ya riƙe su ba tare da gam ba. Wasu kan yi amfani da ƙayar aduwa.

Ana fara haɗa ƙasan motar, sannan kai, sannan bodi. Taya ita ce wuri mafi wuya, kuma a nan ake gane gwani. Ana yanko ta daga tsohon silifa, ko sakaina, ko a huda marfin kwalbar lemo. Sai a zura sandar da ke riƙe tayoyi, wadda makanikai ke kira aksul, ta cikin wani ɗan bututu, misali jikin tsohon biro, don ta riƙa juyawa a sake. A ƙarshe a ɗaura dogon kara a gaba a matsayin sitiyari, yaro na tafe a tsaye yana tuƙi. Ado kuma sai yadda ido ya so: takardar alewa mai ƙyalli, shuni, gawayi, har da rubutun da ake gani a jikin manyan motoci.

Kimiyyar da ke ciki

Yaron da ya ƙera mota uku ko huɗu ya riga ya ci karo da abubuwa da dama da za a koya masa a aji da wasu sunaye. Idan ramin taya bai faɗa tsakiya daidai ba, motar za ta riƙa ɗingishi, daga nan yake koyon neman tsakiyar da'ira. Idan tayar hagu ta fi ta dama girma, motar za ta riƙa karkata zuwa dama. Idan aksul ya matse a mazauninsa, gogayya za ta hana shi juyawa, sai a buɗa ramin ko a shafa ɗan sabulu. Bodi mai tsayi da aka loda wa yashi a sama yana kifewa a kwana, mai faɗin ƙasa kuwa ba ya kifewa da wuri, kuma dalilin ɗaya ne da na babbar motar da aka yi wa lodi fiye da kima. Firam mai kusurwa huɗu yana lanƙwashewa har sai an gitta masa tsinke ya zama mai kusurwa uku-uku, dabarar da kafintoci ke bi wajen rufin kwano.

Wasu kan naɗe robar da aka yanko daga tsohon tiyub a jikin aksul, su murɗa, su saki, motar ta tafi da kanta. Manyan yara kan ciro ƙaramin injin da ke cikin matacciyar rediyo mai kaset, ko ƙwan tocila, su haɗa da batir. A nan ne suke gano cewa wuta ba ta kamawa sai waya ta zagayo ta koma ga batirin.

A makaranta

Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9 da hukumar NERDC ta tsara, wadda aka yi wa gyara a 2012, ta ƙunshi darasin kimiyya da fasaha da kuma darasin al'adu da zane-zane, kuma ta ƙarfafa wa malamai gwiwa su samar da kayan koyarwa daga abin da ke kewaye da su. Ga makarantar ƙauye da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, da wuya a samu kayan aiki mai arha kamar kara. Sai dai a gidaje da yawa har yanzu ana kallon aikin a matsayin shiririta da ke hana yaro karatu ko aike. Haɗarinsa na gaske shi ne yanka, domin ɓawon kara yana da kaifi kamar reza.

Motocin roba masu arha da wasannin wayar hannu sun rage yawan masu yin ta a cikin gari. A wasu ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Ɗandume kuma, matsalar 'yan bindiga ta sa iyaye ba sa barin yara su yi nisa cikin gonaki neman kara.

A wasu ƙasashe

A Malawi yara kan yi irin wannan mota da waya, suna kiran ta galimoto, sunan da marubuciya Karen Lynn Williams ta Amurka ta sa wa littafinta na yara a 1990. A Indiya, Arvind Gupta ya shahara wajen koyar da kimiyya da kayan wasan da ake haɗawa daga tarkacen da aka zubar.