Baurin da Aka Tsana, Aka Dawo Ana Nema: Tarihin Tanin a Abincin Shanun Tatsa

A shekarar 1896 aka fara shuka wata ciyawa ta gabashin Asiya mai suna sericea lespedeza a jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka. Ta jure fari da gajiyayyiyar ƙasa, amma shanu ba su yi marhabin da ita ba, saboda baurin ganyenta. Wannan bauri na sinadarin tanin ne, dangin wanda majeman Kano da Sakkwato ke samu daga bagaruwa. Yadda yake kama fata wajen jima, haka yake kama furotin a tumbin saniya.

Shekaru da dama masana suna ɗaukar tanin a matsayin aibi. Har Jami'ar Auburn ta fitar da irin AU Lotan a 1980, wanda aka rage wa bauri da gangan.

Daga ƙasar Niyu Zilan ra'ayi ya fara juyawa. A shekarun 1990 aka lura cewa tumakin da ke kiwo a kan ciyawar Lotus corniculatus, mai matsakaicin tanin, sun fi sakin ƙwayayen haihuwa, shanu kuma sun ƙara nono. Dalilin shi ne, tanin kaɗan yana hana ƙwayoyin tumbi ragargaza furotin ya koma amoniya, sai furotin ya isa hanji, yuriya ta ragu a jini. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai garken tatsa, domin yawan yuriya a jini na tafiya da raguwar ɗaukar ciki. Amma idan tanin ya yi yawa, dabba takan rage ci ta rame, ramammiyar saniya kuwa ba ta saurin karɓar bijimi. Hujjar haihuwa dai ta fi ƙarfi a tumaki. Masu tallar ƙarin abincin shanu kan yi gaggawar aro ta.

A Girinsboro, kusa da titin Wendover, akwai Jami'ar A&T, wadda aka kafa a 1891 domin baƙar fata. Masu bincikenta sun koma kan sericea, suna nazarin tasirin taninta ga garkuwar jikin awaki da shanu, bayan an gano tana rage tsutsar ciki. Makiyayan ƙasar Hausa, da suka daɗe suna kakkaɓo wa shanu 'ya'yan gawo da rani, da ido suke auna abin da dabba za ta iya ɗauka.